Safar Hannun Ƙaramin Gola

Uban da ɗansa ya fara tsaron raga a Dawakin Kudu ko Kura, gara ya tafi da shi kasuwar Sabon Gari yaron ya gwada safar da kansa. A auna kewayen tafinsa da inci, ban da babban yatsa, a ƙara ɗaya: lambar safar ke nan.

Filayen yankin ƙasa ce mai tauri, musamman da rani, tana cinye roba mai laushi irin ta safar 'yan Firimiya. Mai kaurin tafi ta fi ƙarko.

Sabuwa a wanke ta da ruwan ɗumi kafin wasan farko, a shanya a inuwa, don rana kan sa robar ta tsattsage. Ranar wasa a ɗan jiƙa tafin, ya fi kama ƙwallo.