Yadda Ake Gano Gurɓataccen Fili Kafin a Saya

Mai sayen fili kan tsaya ne a kan takardu: wa ya sayar, su wa suka shaida, ko akwai rigimar gado. Da wuya ya tambayi abin da ƙasar ta shanye kafin ta zo hannun dillali. Alhali guba ba ta tashi don fili ya sauya hannu. Ga yadda ake bin diddiginta.

A fara da tarihin wurin. Ba dillali ake tambaya ba, shi la'adarsa yake nema. A je wurin mai unguwa da dattawan da suka daɗe a layin, a ji abin da ake yi a nan shekara ashirin ko talatin da suka wuce. Kududdufi ne aka cike da shara? An taɓa yin garejin makanikai, gidan mai, marina ko majema? Manhajar Google Earth a kwamfuta tana nuna hotunan shekarun baya, sai a gwada da abin da aka ji.

Daga nan a taka filin da ƙafa, lungu-lungu, a kuma sa a haƙa rami biyu ko uku zuwa ƙugu. In diga tana fito da leda, toka da fasassun kwalabe, tsohuwar bola ce. Ƙasa baƙa mai maiƙo, wadda in an murza ta a yatsa sai a ji warin fetur, baƙin mai ta sha. Bututun ƙarfe da ya leƙo daga ƙasa kan nuna akwai tanki a binne. Gurbin da ciyawa ta ƙi fita alhali kewayensa ya yi shar, shi ma abin tuhuma ne.

Abin da ya fi haɗari shi ne wanda hanci da ido ba sa kamawa, wato dalma. A 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana zuba a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Sai da aka kankare saman ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. Don haka duk filin da aka taɓa niƙa dutsen ma'adini, ko ake fasa tsoffin baturan mota, abin tuhuma ne komai kyansa.

Sai a ɗaga kai a dubi maƙwabta da gangaren ruwa. An fi gane wannan da damina, bayan an ɗauke ruwan sama: daga ina kwata take zuwa, ina take kwanciya? A Kano, ruwan masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi, na Sharaɗa da Chalawa kuma yana faɗawa kogin Chalawa, ɗauke da kuromiyom ɗin da ake jima da shi. Filin da ke gangaren irin wannan magudana yakan gaji abin da wani ya zubar.

A auna tazarar masai da rijiya, har da na maƙwabta ta bayan katanga. Abin da aka fi ba da shawara shi ne aƙalla mita 30, rijiyar kuma ta kasance ta sama, masai ta gangare. In akwai tsohon gini, a duba silin ɗin asbesto, kada a fasa shi, don ƙurarsa ce ke illata huhu. A leƙa sito a ga ko an taɓa jibge maganin feshi.

A ƙarshe a kai gwaji. A ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban, kowacce a ledarta da alama. A ɗebi ruwan rijiya ko burtsatse a tsabtatacciyar kwalba, a sa a kula mai ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji na jami'a ko hukumar ruwa a ranar. A faɗi abin da ake so a duba: dalma, kuromiyom da ƙwayoyin cutar da ke zuwa daga bahaya. Bambancin ƙarfe mai guba da ƙwayoyin cuta yana da muhimmanci, domin tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire dalma. In masai ce matsalar, ana iya sauya wa rijiya wuri. In ƙarfe mai guba ne ko mai ya shiga ƙasa, a lissafa kuɗin kwashe ta kafin a yi ciniki, ko a nemi wani filin.