Ɗakin da ka ƙara a tsakar gida da ranar da za a yi wa gidan kuɗi

A damanar bara aka kira ni wani gida a wajen Rijiyar Zaki, a nan Kano, in yi masa kuɗi. Mai gidan dattijo ne da ya yi ritaya, yana so ya sayar ya koma garinsu. Muna gama gaisawa a soro ya miƙo mini wani littafi irin na 'yan makaranta, bangonsa har ya yi laushi don yawan buɗewa. A ciki ya rubuta kowane buhun siminti, kowane bandir na kwano, har kuɗin abincin leburori, na ɗakuna uku da ya ƙara a tsakar gida ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Malam, in ka gama lissafinka, sai ka ɗora wannan a kai."

Muka shiga ciki. Fulotin ƙafa 50 ne da 100, amma abin da ya rage na tsakar gida lungu ne kawai, da ƙyar mutum biyu za su gitta juna. Tagar ɗakin uwargida tana kallon bangon sabon ɗaki, tsakaninsu bai kai kamu biyu ba. Da azahar ne, amma sai da na kunna fitilar waya kafin in ga silin. Ga warin danshi, ga layin da ruwa ya zana a gindin bango, wajen taƙi guda daga ƙasa. A kusurwa na ga kututturen mangwaron da aka sare don ɗaki na uku ya sami wuri. Na daɗe ina juya yadda zan faɗa masa, domin guminsa ne a cikin littafin nan. Daga bisani na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ɗakunan nan ba su ƙara wa gidan kuɗi ba. Biyu daga cikinsu ma rage masa suka yi." Ya yi shiru, ya rufe littafin, ya ce, "Da na san haka, da na bar mangwaron."

Har yau maganar nan tana taɓa ni, kuma ba shi kaɗai ba ne. Da wuya wata ya wuce ban shiga irin wannan gida ba.

Mu masu kimanta gidaje ba da rasit muke yi wa gida kuɗi ba. Abin da muke fara dubawa shi ne nawa aka sayar da irinsa a unguwar kwanan nan. Sai mu duba nawa zai kawo a shekara in aka ba da shi haya. Lissafin abin da za a kashe a sake gina shi, a cire tsufa da lalacewa, mun fi yin sa a gine-ginen da ba a cika sayarwa ba, irin su makaranta ko asibiti. Mai saye ba ruwansa da abin da ka kashe, abin da zai mora yake biya. Kuma a unguwanni da yawa na Kano, filin ne ke ɗauke da mafi yawan kuɗin, ginin yana biye. Na sha ganin mai saye ya tsaya a tsakar gida yana nuna ɗakunan ƙari da ɗan makullin mota, yana lissafin abin da zai ba masu rushewa da tifar da za ta kwashe ɓaraguzai, sannan ya cire wannan daga tayinsa.

Abin da masu gida suka fi mantawa shi ne tsakar gida ita ma kuɗi ce. Maigida ne ke ciniki, amma sau da yawa uwargida ce ke yanke hukunci, kuma ita ba ƙirga ƙofofi take yi ba. Tana duba inda za ta ɗaura igiyar shanya, inda za a kafa murhu a ɗora manyan tukwane ranar suna, inda mata za su zauna in biki ya zo ko an yi rashi, inda yara za su yi wasa tana ganinsu. Ga watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40 a Kano, wuta ta ɗauke, kowa ya ɗauko tabarma ya fito waje. Gidan da ba shi da wurin shimfiɗa tabarmar nan, ko ɗakunansa goma ne, masu iyali sukan kalla su ce za su yi shawara. Duk dillali ya san ma'anar wannan kalma. Shi kuma maigida tambayarsa ɗaya ce: motata za ta shiga a rufe get?

Ba ina cewa duk ɗakin ƙari asara ba ne. Akwai wanda yake ɗaga gida sosai. Ɗakin baƙi a kusa da get, mai ƙofarsa daban da banɗakinsa, wanda baƙo zai kwana uku bai ga iyalinka ba, kusan kowane mai saye yana murna da shi. Haka ɗakunan baya da ake kira bikiyu, in fulotin babba ne, suna da hanyarsu da mitar wutarsu, domin ana iya ba da su haya. Shago a jikin katanga kuwa sai an yi tunani. A bakin titi mai jama'a yana kawo kuɗi, amma a layin da ba ciniki, abin da yake kawowa shi ne majalisa a ƙofar gida, kuma mai 'ya'ya mata da yawa zai gudu.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ake gina ɗakunan ƙari. Saboda ana ganin ƙaramin aiki ne, sai a kira birkila ba zane ba awo. A mai da katangar gida bango ɗaya na ɗakin, alhali bulo ne mai inci 6 da aka gina a kan fandisho marar zurfi, ba don ɗaukar rufi aka yi shi ba. Bayan damina biyu tsaga ta fito daga kusurwar taga ta gangara. A toshe hanyar da ruwan sama yake bi ya fita, Agusta na zuwa ruwan ya nemi falo. Na taɓa shiga ɗakin da aka gina a kan sokawe, aka lulluɓe murfinsa da tayil. Ranar da sokawen ya cika sai da aka fasa tsakiyar ɗakin, kuma yaran da suke kwana a kansa Allah ne ya tsare. Sai kuma indararon da ke zuba gidan maƙwabci, da tagar da ke leƙa tsakar gidansa. Mai saye mai wayo yakan tsaya ya gaisa da maƙwabta kafin ya biya, kuma ba wanda ke son sayen gida da rigimarsa.

Sai maganar takardu. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin da ke cikin birni yana hannun gwamna ne, mai takardar mallaka kuma ba ya sayarwa a cika ciniki a hukumance sai da amincewar gwamna. Zanen gini kuwa a Kano hukumar tsara birane ta KNUPDA ce ke amincewa da shi, kuma ƙarin gini ma gini ne. Idan abin da ke ƙasa ya saɓa wa zanen da aka amince da shi, mai sayen da zai biya da tsabar kuɗi yana iya kau da kai, ya dai rage tayi. Amma ma'aikacin da zai saya da rancen banki, ko na asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, za a nemi takardar mallaka da amintaccen zane da rahoton mai kimantawa. Nan ciniki yake tsayawa, ka rasa mutumin da wataƙila shi ne mai tayi mafi tsoka.

Har a Ingila, inda ɗakin cikin lambu ya yi tashe bayan annobar korona ta 2020 saboda masu aiki daga gida, ba a sakar wa mutane mara ba. Kana iya ginawa ba ka nemi izini ba, amma in ɗakin yana cikin mita 2 daga iyakar maƙwabci, tsayinsa ba zai wuce mita 2.5 ba, gine-ginen ƙari duka ba za su cinye fiye da rabin filin da ke kewaye da asalin gidan ba, kuma ba za ka mai da shi gidan zama mai cin gashin kansa ba sai da izini. Wannan ƙa'ida ta rabi ita nake so mutanenmu su riƙe ko ba wanda ya tilasta musu.

Akwai wani abu da ba ya cikin littattafan sana'armu, amma ya fi komai zuwa teburina, wato ɗakin da ɗa ya gina a gidan mahaifinsa da zai yi aure. Muddin tsoho yana raye, lafiya lau. Ranar da ya rasu aka zo rabon gado, sai a fara: filin na mamaci ne, ginin na wa? Na ga 'yan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kan ɗaki da falo, gidan ya zauna shekaru ba a sayar ba, rufi yana zuba. Iyaye, don Allah a rubuta, kyauta ce ko aro, a sa shaidu su sa hannu.

In buƙata ta kama, iyali sun yi yawa, ka gina abinka, amma ka sani don zamanku kake yi, kada ka sa ran kuɗin zai dawo cif ranar sayarwa. Kafin ka sayi bulo ko ɗaya, ka kafa turaku huɗu ka kewaye wurin da igiya, ka bar shi mako guda, iyali su riƙa kewaya shi da bokiti da kayan shanya, kai ma ka gwada shigar da mota. Ka tambayi uwargida ra'ayinta da gaske. Ka gano inda sokawe yake da inda ruwa ke bi, ka sa mai zanen gini ya zana, ka kai a amince. In makon ya cika kowa a gidan yana tuntuɓe da igiyar nan, ɗan uwa, ka tuge turakun ka bar wa iyalinka tsakar gidansu.