Gyaran Kamfani Daga Aljihun Maigida Yake Farawa

Ni akanta ne, kuma galibin aikina da 'yan kasuwar Kano nake yi: masu atamfa da shadda a Kantin Kwari, masu kayan masarufi a Singa, dillalan hatsi a Dawanau, da wasu ƙananan masana'antu a Sharaɗa da Bompai. Kiran da ake yi mini kusan iri ɗaya ne. Alhaji zai ce, "Malam, zo ka sa mana kwamfutar nan. Ciniki muke yi ba dare ba rana, amma kuɗi na zurarewa ban san ta ina ba."

Sa kwamfuta ba wuya. A sayo na'ura, a ɗora manhajar lissafi, a ƙirga kaya, a koya wa yara, cikin mako biyu an gama. Wahalar tana zuwa bayan wata biyu ko uku, lokacin da za ka koma ka tarar an lulluɓe na'urar da ƙyalle, an koma wa tsohon littafin nan mai baƙin bango. Ka tambayi Alhaji, ya ce yaran ne ba sa son ci gaba. Na daɗe da daina yarda da wannan amsa, domin a mafi yawan wuraren da na yi aiki, mutum na farko da ya karya dokar shi ne wanda ya kafa ta.

Ga yadda abin ke faruwa. An yi doka cewa ko naira ɗaya ba ta fita sai da takarda da sa hannu. Bayan azahar Alhaji ya shigo da baƙi, ya ce, "Kai, miƙo min dubu ɗari biyu a durowa." Wane yaro ne zai buɗe baki ya ce wa ubangidansa ya sa hannu, a gaban baƙi kuma? Washegari aminin Alhaji ya zo, a ce a ba shi dila biyu, "nawa ne, ba sai an rubuta ba." Kuɗin cefanen gida, kuɗin makarantar yara, gudummawar biki, duk daga durowa ɗaya. Ƙarshen wata abin da ke cikin na'ura ya ƙi daidaita da abin da ke cikin sito, sai a ce kwamfuta ƙarya take yi. Yaron da ke da halin ɓera kuwa ya samu mafaka, don inda maigida ke ɗiba ba rubutu, ba wanda zai iya rarrabe ɗibarsa da ta wani.

Masu cewa 'yan kasuwarmu ba sa karɓar sabon abu su tuna farkon shekarar 2023. Da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, cikin 'yan makonni mai shayi da mai nama da mai tura baro duk suka koyi karɓar tiransifa da POS. Ba wanda ya shirya musu taron bita. Sun ga dalili da idonsu, kuma abin bai ƙyale babba ya kama ƙarami ba. Duk sauyin da ya cika waɗannan sharuɗɗa biyu yana zama.

Shi ya sa kafin in taɓa kwamfuta nake fara zama da maigida shi kaɗai. In ce ya yanka wa kansa albashi, komai yawansa, ya riƙa shiga asusunsa na kansa duk wata. Asusun kasuwanci daban. In buƙata ta taso ta gaggawa ya ɗauka, amma ya sa hannu, a gaban yaransa, da biron da su ma suke sa hannu da shi. Da yawa suna jin nauyin wannan, wasu har su fusata: "Ni da dukiyata?" E, Alhaji, kai da dukiyarka. Doka ma tana taimakawa a nan. Tun dokar kamfanoni ta 2020, mutum ɗaya zai iya yi wa ƙaramin kamfani rajista a hukumar CAC ba sai ya nemo abokin tarayya ba, kuma kamfani mai rajista a idon doka daban yake da mai shi, ba kamar rajistar sunan kasuwanci kawai ba.

Sai babban yaro. A nan ne sauyi ke rayuwa ko ya mutu, kuma a nan ne shugabanni suka fi yin ganganci. Kowane babban shago yana da shi. Sunansa yaro, amma ya haura hamsin, wani tun zamanin mahaifin Alhaji yake gidan. Ya san wanda ake bi bashi a Maraɗi da Agadas da Injamena, ya san mai biya in ya ce Juma'a, ya san mai sa ranar da ba ta zuwa. Duk darajarsa tana cikin abin da ya riƙe a kansa. Rana ɗaya sai ya ga ɗan Alhaji ya dawo daga jami'a da kwamfutar tafi-da-gidanka yana tambayarsa rasit. Abin da zai shiga zuciyarsa biyu ne: ana zarginsa da sata, kuma ana shirin sallamarsa hannu rabbana. Ba zai yi musu ba. "To, Alhaji," zai ce, kuma daga ranar ba abin da zai motsa, domin sauran yara fuskarsa suke kallo.

Wannan mutum shi ya kamata ya fara jin labari, a keɓe, daga bakin maigida, ba daga bakina ko bakin ɗa ba. A faɗa masa ƙarara cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A gaya masa matsayinsa bayan gyaran, da abin da aka tanadar masa na jari ranar da zai tsaya da ƙafarsa, kamar yadda al'adar kasuwarmu ta saba. A ɗora masa shugabancin aikin, mai kwamfuta ya zama ƙarƙashinsa. Ƙofar da na ga ta fi sauƙin shiga ita ce zakka. Ba ɗan kasuwar da zai yi gardama cewa fitar da ɗaya cikin arba'in yana buƙatar sanin adadin kaya da kuɗi da bashin da ake sa ran karɓa. In aka fara ƙirga don zakka, ba wanda ke jin an tuhume shi, kuma daga wannan ƙirga ake ɗora sauran lissafi.

Bayan haka a raba iko da iyaka bayyananna. Wane zai iya rage farashi har kaza, wane zai iya ba da bashi har kaza, abin da ya wuce nan sai Alhaji. In yaro ya yi kuskure a cikin iyakarsa, a gyara masa bayan an rufe shago, kada a tsinka shi gaban kwastoma, in ba haka ba gobe ko kuɗin ruwan leda sai ya bugo waya. Na san alhazan da ke Umara a goman ƙarshe na azumi wayarsu ba ta hutawa, ana tambayarsu farashin yadi. Suna ɗaukar hakan alamar riƙo, ni kuwa rauni nake gani.

Dalilin da ya sa nake matsa wa mutane a kan wannan shi ne abin da ke faruwa bayan rasuwa. Shago nawa muka sani da suka shahara a Kwari, maigida ya rasu, aka raba diloli da rumfuna tsakanin magada, bayan 'yan shekaru ko sunan babu? Masu bashi ma sukan ɓace, tunda littafin yana cikin kan mamaci. Amma a garin nan Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955, kasuwancinsa ya ci gaba a hannun 'ya'yansa a matsayin kamfani, har Alhaji Aminu Ɗantata ya riƙe ragamar gidan shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2025. Tattaɓa-kunnen Alhassan ɗin, Aliko Ɗangote, ya kai kamfanin simintinsa kasuwar hannun jari a 2010, inda dole masu binciken kuɗi na waje su duba littattafansa, a kuma wallafa sakamakon kowa ya gani. In mai arziki irin wannan ya yarda a duba lissafinsa, ban ga abin kunya ga mai rumfa uku ba.

Kamfani mai rajista yana ba magada damar raba hannun jari bisa kason da shari'a ta ba kowa, mace da namiji, shagon kuma ya ci gaba da buɗewa da manaja ɗaya. Yadda za a tsara wannan aikin malami ne da lauya, kuma da ran maigida ake yin sa.

Alhazaina, kafin ku kira irina mu sa muku na'ura, ku buɗe asusu na biyu, ku yanka wa kanku albashi, ku yi wata guda kuna sa hannu a kan duk abin da kuka ɗauka daga durowa. Wanda ya kasa wannan ya adana kuɗin kwamfutarsa, don ba za ta yi masa aiki ba.