Ƙirar Ƙwayar Bakteriya Da Aikinta: Misali Daga Ƙwayar Sanƙarau

Gabatarwa

Ƙasar Jabo da Tambuwal da Kebbe tana cikin shiyyar nan da masana suka laƙaba wa suna "zirin sanƙarau", wadda ta faro daga Senegal ta dangana da Habasha. Manufar wannan maƙala ita ce a fayyace ƙirar ƙwayar da ke haddasa cutar, domin a ga yadda sanin gaɓoɓinta ke bayyana dalilin magani da na rigakafi.

Ƙirar Ƙwayar

Bakteriya halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak, wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Wadda ke jawo annobar sanƙarau sunanta Neisseria meningitidis, kuma Anton Weichselbaum ne ya gano ta a birnin Biyana a 1887. Faɗinta bai wuce kashi ɗaya daga cikin dubu na milimita ba, kuma bibbiyu take zama kamar ƙwayar wake.

Daga can ciki akwai ruwa mai kauri, inda zaren gado, wato DNA, yake a naɗe ba tare da wani ɗaki na kansa ba, saɓanin ƙwayar jikin mutum. A nan ne kuma ake samun ribosom, waɗanda su ne maƙerar furotin. Tantani ya kewaye wannan ruwa yana tace shige da fice, sa'an nan bango ya biyo baya yana hana ƙwayar fashewa. Bayan bango akwai tantani na biyu mai ɗauke da dafin da ke jawo zazzaɓi da faɗuwar jini. Daga waje kuwa akwai siraran gasu da take maƙalewa da su a maƙogwaro, da kuma riga mai santsi ta sinadarin sukari.

Aikin Gaɓoɓin

Mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro ba tare da ciwo ba. Amma idan ƙurar hunturu da zafin bazara suka busar da hanci da maƙogwaro, sai ta sami kafa ta shiga jini, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A cikin jini rigar ce ke kāre ta daga dakarun jiki, har ta isa tantanin ƙwaƙwalwa da lakka, wuya ya sanƙare.

Magunguna irin su fenisilin da seftiriyazon bangon suke hana ginuwa, sai ƙwayar ta fashe. Da yake ƙwayar jikin mutum ba ta da bango, maganin ba ya rusa ta. Sai dai cutar tana iya kisa cikin kwana ɗaya, saboda haka jinkirin zuwa asibiti ganganci ne.

Riga Da Rigakafi

Da bambancin riga ake rarrabe ƙwayar, kuma nau'i shida ne suka fi yin ɓarna: A, B, C, W, X da Y. Nau'in A ne ya haddasa annobar 1996, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya. Allurar MenAfriVac da aka fara a ƙasar a 2011 ta karya lagonsa, amma ba ta koya wa jiki gane rigar C ba. Nau'in C ya ɓulla a Jihar Sakkwato a 2013, kuma a 2017 ya kashe fiye da mutum 1,000, akasari a Zamfara da Sakkwato da Katsina. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai maganin A, C, W, X da Y.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa wanda aka yi wa allurar A kaɗai bai tsira daga C ba. Wajibi ne ɗaliban harshe su samar da kalmomin da za a isar da wannan bayani ga jama'ar karkara, domin kada a ɗauka allurar farko yaudara ce, a ƙi karɓar ta biyu.