DILLALIN GIDA DA HUKUNCIN MAGANARSA

 

Ya kai ɗan'uwa matashi, ka sani dillanci sana'a ce ta halal, la'adarsa kuma halal ce. Abin da muke jan kunnenka a kai shi ne maganar nan ta 'yan kasuwa cewa wai dillali ba shi da asara. To, a Shari'a yana da ita.

Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya sa hannunsa cikin tsibin hatsi ya ji danshi, sai ya barranta daga mai algus. Hatsi ke nan. Ina ga gida, wanda mutum ya tara kuɗinsa shekara da shekaru?

Malamanmu Malikiyya sun bambanta ruɗi da aiki da ruɗi da baki. Wanda ya shafe tsagewar bango da siminti da fenti don a sayar, ya yi ruɗi da aiki, mai saye yana da zaɓi idan aibin babba ne. Maganar baki zalla ba ta jawo ramuwa, sai idan mai maganar lada yake karɓa a kanta. Sun buga misali da ɗan canji da aka biya ya duba kuɗi, ya ce masu kyau ne alhali ya san jabu ne: zai biya. To kai fa, la'adar me kake karɓa in ba ta bakinka ba? Ka ce ruwa ba ya kwanciya a filin, kana sane da cewa kududdufi ne da damina. Ka ce babu rigimar magada, ka san akwai. Alƙali yana da hanyar kama ka.

Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya kawo wani hukuncin: idan aka mayar da kaya saboda aibi, mai kayan kuwa bai ɓoye ba, dillali ya mayar da la'adarsa.

Haka ƙirƙiro mai tayin ƙarya don kuɗi ya hau. Sunansa najashu, Buhari da Muslim sun ruwaito haninsa daga Ibnu Umar.

Dokar ƙasa ma ba ta ƙyale ka ba. Tun Dokar Filaye ta 1978, sauya mallakar fili mai takardar gwamna sai da amincewar gwamna. Kafin ka ce wa mutum takardu sun cika, je ofishin filaye ka duba da idonka.