Yadda ƙwayar halitta ke gane furotin da za ta rusa

 A filin amsa tambayoyin masu sauraro, wasiƙarmu ta farko daga wata ɗalibar koyon aikin jinya ce a Zariya. Tana cewa, an koya musu ƙwayoyin halittar jikinmu na lalata furotin da ya ɓaci, to da me suke bambance shi da lafiyayye?

Malama, madalla da wannan tambaya. Da siffa suke gane shi.

Akwai wani ɗan ƙaramin furotin mai suna yubikwitin, amino asid 76 ne kacal a jikinsa. Aikinsa kamar na jan fentin da hukuma ke shafa wa ginin da za a rushe ne. Masu aikin maƙala shi rukuni uku ne, E1 da E2 da E3, amma zaɓin wanda za a maƙala wa yana hannun E3. Muna da irin E3 sama da 600, kowanne da siffar da yake nema. Lafiyayyen furotin a naɗe yake tsaf, sassansa masu gudun ruwa suna ɓoye a ciki. Da zarar naɗin ya warware, sai su bayyana, asirinsa ya tonu. Idan aka jera masa yubikwitin huɗu ko fiye, kowanne a ƙulle da na gabansa ta amino asid ɗin laisin da ke gurbi na 48, sai a miƙa shi ga furotiyasom, wato injin rushe furotin na cikin ƙwayar halitta, ya daddatse shi. Gano wannan tsari ne ya sa Ciechanover da Hershko da Rose suka sami kyautar Nobel a 2004.

Kada ki ɗauka karatun aji ne kawai. Ƙwayar cutar HPV tana fitar da furotin E6, wanda ke manne wa wani E3 mai suna E6AP. Haɗuwarsu na sauya siffar E6 har ya iya cafke p53, furotin da ke hana ƙwayar da ta lalace yaɗuwa. Sai E6AP ya maƙala masa yubikwitin, a rusa p53 alhali lafiyarsa lau, kuma ta nan sankarar bakin mahaifa ke samun ƙofa.

Shi ya sa nake roƙon iyaye: allurar rigakafin HPV da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023, a daure a kai su. Malama, Allah ya ba da sa'ar karatu.