Namiji da mace cikin tsirrai: yadda ake samun iri mace zalla

Duk wanda ya taɓa shuka gwanda ya san wannan baƙin ciki. Mutum ya yi wata da watanni yana ban ruwa. Itace ya girma, ya yi fure, amma ko ɗa guda bai yi ba. Sai tsofaffi su ce masa: "Ai namiji ne." Ruwa ya tafi, taki ya tafi, wahala ta tafi a banza.

Manoman wasu ƙasashe suna da irin wannan damuwa da wata shuka. Darasin yau zai nuna dabarar da masana suka samo.

1. Wace shuka ce?

Faransawa suna kiranta shambur. Tana da kara dogo kamar rama, kuma ɓawonta yana ba da zare mai ƙarfi. Da shi ake igiya, da tufafi, da takarda. Ana matse ƙwayarta a samu mai. A Turai, Faransa ce ta fi kowa nomanta. Ana nomanta kuma a Sin da Kanada.

Shambur da wiwi jinsi ɗaya ne. Bambancinsu yana ga sinadarin da ke sa maye. A Faransa, doka ta ce kada sinadarin nan ya wuce kashi 3 cikin 1000, kuma sai irin da hukuma ta yarda da shi ake shukawa. A Nijar kuwa, doka ta hana noman wiwi, da sayar da shi, da shansa. Wanda aka kama, kaso ne. Saboda haka wannan darasi na ilimin iri ne, ba na shuka ta ba.

2. Rabi maza, rabi mata

Yawancin tsirrai suna da namiji da mace a gindi ɗaya. Masara misali ce: namijin yana bisa kai, macen tana ga goyo. Amma dabino da shambur ba haka suke ba. Wani gindi namiji ne, wani mace.

Namiji yana fidda gari mai laushi, kamar bununin hatsi. Iska tana ɗaukar garin, ta kai shi ga furen mace. Wannan shi ne barbara. In babu barbara, babu ƙwaya.

In aka shuka ƙwayar shambur 100, wajen 50 za su fito maza, 50 mata. Namiji yana riga mace fure. Da ya zubar da garinsa sai ya bushe, alhali mace tana ɗanya. Gona ba ta nuna tare. A da, manoman Turai da hannu suke bi suna tuge mazan, daga baya su koma su girbe matan. Aiki biyu ke nan a gona ɗaya.

3. Wa ke yanke hukunci?

Cikin kowace ƙwaya akwai gado biyu: ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Masana sun sa musu alama da harafi biyu, X da Y. Harafin X shi ne mai kama da alamar "sau" ta lissafi.

Mace tana da X da X.
Namiji yana da X da Y.

Uwa ba ta da abin ba ɗanta sai X. Uba kuwa, wani lokaci ya ba da X, wani lokaci Y. In X ya gamu da X, mace ce. In X ya gamu da Y, namiji ne. Ashe gadon uba ne ke yanke hukunci.

Haka abin yake ga ɗan Adam. Matar da ta haifi ɗiya mata bakwai ba ta yi laifin kome ba. Bai kamata a yi mata gori ba.

4. Dabarar masana

Masana suka yi tambaya: in garin barbara ya fito daga jikin mace fa? Mace ba ta da Y. To, garinta X ne duka, ɗiyan kuma mata ne duka.

Sauran aiki, yaya za a sa mace ta yi furen namiji? Tsirrai suna fidda wata iska da ake kira etilen. Ita ce ke sa ayaba da mangwaro su nuna. A jikin shambur, ita ce ke taimaka wa furen mace ya fito. A shekarar 1982, masana biyu na ƙasar Indiya, Mohan Ram da Sett, suka nuna cewa wani magani da aka haɗa da azurfa yana toshe aikin etilen. Macen da aka sa wa maganin sai ta yi furen namiji, mai gari na ƙwarai. Gadonta bai sake ba, furen kawai ya sake.

Ga yadda aikin yake tafiya a gidajen iri:

Na ɗaya, a zaɓi uwaye mata masu lafiya, waɗanda aka san halinsu.
Na biyu, a ware kaɗan a sa musu magani, su zama masu ba da gari.
Na uku, a kai garin ga sauran matan, cikin ɗakin da iskar waje ba ta shiga.
Na huɗu, a girbe ƙwaya, a shuka kaɗan don gwaji kafin a sayar.

In an yi aikin da kyau, cikin ƙwaya 100 da wuya a ga namiji guda. Maganin guba ne ga ruwa da kifi. Shuka da aka sa wa shi ba a cinta, ba a ba dabba.

5. Su wa ke bukatar wannan iri?

A shekarar 2018 Amirka ta halatta noman shambur. Manoma da yawa suka shiga nomanta don furen mace, wanda ake tatsar wani sinadari daga gare shi. Sinadarin ba ya sa maye. A shekarar nan ne hukumar magunguna ta Amirka ta yarda da wani maganin farfaɗiyar yara da aka yi da shi. Furen da aka barbara yana komawa ga yin ƙwaya, sinadarinsa ya ragu. Namiji kaɗan sun isa su ɓata gona. Shi ya sa ake sayen iri mace zalla, ko da yana da tsada.

Masu noma don zare da mai sun bi wata hanya. A Faransa an zaɓo irin da ke da furen namiji da na mace a gindi ɗaya, kamar masara. Gonar tana nuna tare, inji ya girbe ta sau ɗaya. Amma kowace shekara sai masu gonar iri sun bi layi layi suna tuge duk namijin da ya ɓullo. In aka yi sakaci shekara kaɗan, iri ya koma gidan jiya.

6. Inda haɗari yake

Garin barbara ba ya sanin iyakar gona. Iska tana kai shi kilometir da yawa. Namiji guda a gonar maƙwabci yana iya lalata aikin shekara.

Uwa kuma tana gadar da halinta. In macen da aka zaɓa mai yin furen namiji ce da kanta lokacin zafi ko ƙishi, ɗiyanta ma za su yi. Gado ba ya ɓuya.

7. Abin da manomi zai ɗauka

Masu dabino na Kawar, da Ayar, da Manga sun daɗe da sanin wannan ilimi. Ƙwallon dabino yana iya fitowa namiji, kuma sai bayan shekaru ake ganewa. Don haka mai hankali yana cire ɗan da ya tsiro a gindin uwa mai daɗi, ya dasa. Ɗan mace, mace ne. Lokacin fure, ya hau ya sa reshen furen namiji cikin na mace. Namiji ɗaya yana isar mata da yawa.

Mai gwanda ya sa tsiro 3 a rami. In fure ya fito, ya bar mai amfani, ya cire saura. Ya bar namiji kaɗan cikin garka, don barbara.

Mai gonar irin hatsi, kamar HKP, ya nisanta ta da sauran gonakin hatsi, don bununi yana bin iska. Ya tuge duk karan da bai yi kama da saura ba kafin ya yi bununi. In iri ya fara gauraya, ya nemi sabo wajen malamin gona.

Iri na ƙwarai daga uwaye na ƙwarai yake fitowa, kuma sai da tsaro yake daɗewa.

Tambayoyi don tattaunawa a cibiya

1. Wane itace ne a garinku yake da namiji dabam, mace dabam?
2. Tsakanin uwa da uba, gadon wa ke sa ɗa ya zama namiji?
3. Don mi ake nisanta gonar iri da sauran gonaki?
4. Lissafi: an shuka ƙwallon dabino 60, rabi suka fito maza. Nawa ne za su yi ɗiya?